Godiya bayan baje kolin rininmu a Legas

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillahi, an yi an gama lafiya. Sai yau na iya riƙe waya da kyau, tun ranar Lahadi da muka kwaso kayan baje kolin daga Ailan, wato tsibirin Legas, nake kwance a Agege ƙafafuna a kumbure, murya ta dishe, faratana har yanzu shuɗi ne. Waɗanda suka kira ban ɗauka ba dan Allah ku yafe min, ba wulaƙanci ba ne, gajiya ce ta ci ƙarfina.

Ba sai na maimaita muku ba tunda kun bi komai, daga motar kayanmu da ta kwana biyu a hanya bayan Jebba har masu wurin farko da suka dawo mana da kuɗinmu saura kwana tara. Su kam na bar su da Allah. Daren Juma'ar nan ne ya ƙi fita daga raina.

Duk wanda ya san turkudi, zanen nan mai shuɗi da ƙyalli, ya san ba ya shiri da ruwa. Ƙyallin nan da kuka yi ta ɗauka a hoto ba daga ramin rini yake fitowa ba, sai an tsamo zane daga baba an shanya, a sa masa shuni a ɗora kan itace mabuga su yi ta dukansa har ya koma sheƙi kamar ƙarfe, to ruwa na taɓa shi shi ke nan wahalar mutane ta tashi a banza. Dila uku muka kawo daga Kura ta Kano, kuma ban da su akwai rawani ɗan Kura na Baba mahaifina, Allah ya jiƙansa, wanda ya buga da hannunsa ya zo da shi Ikko a 1977 lokacin FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, aka taya ya ƙi sayarwa. Har ya rasu yana ba mu labarin ginin National Theatre na Iganmu, wai gini ne kamar hular soja. Saboda mahaifin nawa na ɗauko wannan aikin tun farko.

Wajen ƙarfe ɗaya na dare ruwa ya sauko, irin ruwan Legas ɗin nan da ba ya sallama, kwata ta cika ta juyo cikin fili, wuta ta ɗauke, janareto ya ƙi tashi, daga ni sai Auta a wajen kaya. Na haska fitilar waya na ga ruwa ya kai min idon sawu yana tafiya wajen dilolin, wallahi ƙafata ta ƙi ɗaguwa, ba abin da bakina ke faɗa sai innalillahi.

Sai ga Baba maigadi, Buzun nan na ginin da ke maƙwabtaka da mu, ba ma shi ke gadin wurinmu ba. Bai tambayi komai ba, ya naɗe ƙafar wandonsa ya ce Auta ya ɗora masa, dattijo mai furfura ya ɗauki dila a ka ya hau bene da ita, ya sauko ya koma, sau uku, numfashinsa har ina jiyo shi daga ƙasa. Rawanin mahaifina kuwa cikin rigarsa ya cusa ya rungume. Da muka samu wuri busasshe ya fito da shi ya shinshina ya yi shiru, can ya ce ranar da aka fara naɗa masa rawani a garinsu wajen Agadas irin wannan ne, rabonsa da jin ƙamshin ya manta. Na miƙa masa kuɗi ya ture hannuna ya ce, 'yata mayar da abinki, na ubanki na ɗauka. A nan kukan da nake riƙewa ya ƙwace min. Baba maigadi na san ba ka karanta Facebook, amma yaranka na Obalende za su gaya maka, Allah ya sanyaya maka kamar yadda ka sanyaya min, Allah ya kai ka Makka, ya mayar da kai ga iyalinka lafiya.

Sai Iya mai adire, rinannen zanen Yarbawa, da ta zo daga kasuwar Itoku ta Abeokuta, rumfarta na jikin tamu. Zannuwan da muka riga muka rataye ba yadda za a yi a kwashe su a duhu, kawai na ga ta yaye tamfol ɗin da ta rufe nata kayan ta jawo shi kan namu. Na ce Iya naki fa? Ta ce omo mi, wato 'yata, nawa ya saba da wanki, naki bai saba ba. Da safe na ga tana matse zannuwanta ɗaya bayan ɗaya tana shanyawa a kan kujeru, ko a fuska ba ta nuna min ta yi asara ba. Baban da take rini da shi da wanda ake zubawa a marinar Ƙofar Mata ta Kano launi ɗaya suke bayarwa, ranar na ƙara yarda da hakan. Iya na gode, Allah ya raya miki zuri'a ya buɗa kasuwa.

Ranar Asabar gari ya washe mutane suka cika, ban taɓa zaton za a zo haka ba, ɗalibai, Yarbawa, Inyamurai, 'yan Gana, har da baƙin da suka zo daga Amurka da Ingila neman tushensu. Wadda ta tsaya min a rai wata baiwar Allah ce daga Bahia ta ƙasar Brazil, ta zo ganin unguwar Aguda inda waɗanda suka dawo daga bauta suka zauna. Ta daɗe tsaye gaban allon da wani Malam ke rubutu a wurinmu, ta ce a garinsu Salvador a 1835 bayi Musulmi sun yi bore cikin watan azumi, Yarbawa ne da Hausawa a cikinsu, kuma an samu takardu da rubutun Larabci a jikinsu. Malam ya rubuta mata sunanta da ajami, ta riƙe takardar da hannu biyu tana hawaye. Na sa Auta ya raka ta masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894 ta ga aikin maginin da ya dawo daga can ƙasarsu.

Hajiya ta Agege na san kin ce kar in ambace ki, ki yi haƙuri ba zan iya ba, ke kika biya kuɗin wuri na biyu ba tare da kin ce yaushe zan biya ba. Alhajinmu na Mile 12 da ya aiko da buhun shinkafa da kwandon tumatir, makaɗan kalangu na Idi-Araba da suka kaɗa har hannu ya fashe, Anti mai lalle, matasan Alaba Rago da suka yi dakon rumfuna, direban danfon da ya jira mu har ƙarfe sha ɗaya bai ƙara ko sisi ba, Allah ya saka muku da alheri, ya rufa muku asiri duniya da lahira, ya jiƙan magabatanku, ya sa ku gama da iyayenku lafiya, yadda kuka tsaya min Allah ya tsaya muku ranar da ba mai tsayawa wani.

'Yan'uwa na jini da ke Ajah da Lekki kuwa na ga saƙonninku, an ce goslo ne. Ba komai. Mabugan nan daga Kura suka taso, wata ta tsallako teku, kujerun da na ware muku a gaba dai sai baƙi na ba wa. Rawanin na kakanku ne ku ma, na so a ce kun gan shi a rataye.

Tamfol ɗin Iya yana wurina, cikin hidimar kwashe kaya ya biyo motarmu. Duk mai zuwa Abeokuta a makon nan dan Allah ya yi min magana, akwai turkudi ɗaya da na naɗe a ciki nata ne.