Yadda na bi salsalar Janet Douglas har kaina ya kusa juyewa

Abun ya faro ne lokacin rasuwar Sarauniya Elizabeth a 2022, kowa na ta zuba tarihin gidan ubanta, ni kuma na ce bari in leƙa dangin uwa. Uwarta 'yar gidan Bowes-Lyon ce, masu fadar Glamis a Scotland. Ina ta bi baya baya har na faɗo kan wata mata, Janet Douglas, wadda aka ƙona da ranta a Edinburgh ran 17 ga Yulin 1537. Nan fa na tsaya cak. Na ciro tsohuwar kalanda na juya bayanta, na baje a ƙasa na fara jan layi da biro.

Kwana biyu na ɓata ina neman "Janet Lyon" tunda mijinta John Lyon ne, Lord Glamis na shida. Shiru. Ashe matan Scotland na wancan zamanin ba sa ajiye sunan gidansu don sun yi aure, kamar dai namu, mace na amsa sunan ubanta har ta tsufa. Da na koma Douglas sai ga ta.

Inda na sha wuya shi ne wajen ubanta. Su Douglas ɗin nan akwai son maimaita suna, Archibald kan Archibald, takwara ko'ina. Na duba jerin masu sarautar Earl na Angus na ga na biyar Archibald, na shida ma Archibald, kawai na ɗauka uba da ɗa ne, na maƙala Janet ƙarƙashin na biyar. Ashe kakanta ne! Ubanta George bai taɓa hawa sarautar ba, an kashe shi a yaƙin Flodden a 1513 tun mahaifinsa na raye, sai sarauta ta tsallake zuwa jika. Tun daga nan na daina yarda da jerin masu sarauta, don wanda ya mutu kafin gado babu shi a ciki, alhali ta kansa jinin ya bi.

Kuma gyaran nan ne ya buɗe min komai. Archibald na shida ɗan'uwanta ne, shi ya auri Margaret Tudor uwar Sarki James na biyar na Scotland, ya riƙe yaron sarkin kamar fursuna har ya kuɓuce a 1528. Sarki ya kori su Douglas, su suka tsere Ingila, ita tana gida. Shafuka da yawa a intanet cewa suke wai maita aka ƙona ta a kai, amma tuhumar da aka yi mata ita ce shirya wa sarki guba da hulɗa da 'yan'uwanta da aka kora. Ni dai a ganina haushin ɗan'uwa aka huce a kanta. Mijinta na biyu, Archibald Campbell (ga wani Archibald ɗin kuma), shi ma an tsare shi a fadar Edinburgh, ya yi ƙoƙarin tserewa ya faɗo kan duwatsu ya mutu.

Ɗanta John an tsare shi, sarki ya ƙwace Glamis, sai da James ya mutu a 1542 aka mayar masa da gidan a 1543. Ta kan yaron nan layin ya gangaro har kan Sarauniya. Kalandar tana nan bayan ƙofa, autana ya zana mota a kan Archibald na biyar.