Kafin jami'a ta sayi manhajar kula da kwamfutocin ma'aikata

Duk lokacin da maganar kula da kwamfutoci da wayoyin ma'aikata ta taso a jami'o'inmu, tambayar farko ita ce: Intune na Microsoft za a saya, ko ManageEngine, ko a tsaya kan na Google? A ganina an yi gaggawar wannan tambaya. Abin da zai nuna manhajar da ta dace da jami'ar da ke Gubi ko ta Kashere shi ne irin na'urorin da ke kan teburan ofisoshi, da wutar da ake samu, da ƙarfin intanet, da yawan ma'aikatan sashen ICT da za su riƙe aikin bayan ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa ya tafi.

Don haka a fara da ƙidaya. Manhajar ƙidayar na'urori ta GLPI kyauta ce. Ana ɗora ta a kan sabar guda, a sa ƙaramar manhajarta a kowace kwamfuta, ita kuma ta riƙa aiko da lambar na'ura, da nau'in Windows, da girman RAM, da samfurin furosesa. Bayan mako biyu ko uku sai a ɗauki wannan jeri a gwada shi da kundin sito. A nan ne gaskiya ke fitowa.

Abu na farko da akan tarar shi ne Windows Home. Laftof da yawa da ake sayowa a kasuwa da shi suke zuwa, kuma ba ya shiga Active Directory ko Entra ID, wato tsare-tsaren Microsoft na rajistar asusu da na'urori, a matsayin na'urar ma'aikata. Sai an ɗaga shi zuwa Pro ko Education, wanda kuɗin lasisi ne da ya kamata ya shiga kasafi tun farko. Na biyu, Windows 10, wanda Microsoft ta daina ba shi tallafin da aka saba tun 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 kuwa yana neman guntun tsaro na TPM 2.0, da RAM aƙalla gigabait 4, da ma'ajiya gigabait 64, kuma a ɓangaren Intel galibi sai furosesa daga zubi na 8 zuwa sama. Kwamfutar da ba ta kai nan ba, babu manhajar da za ta gyara ta. Ko dai a sauya ta, ko a mayar da ita Linux a ɗakin karatu. Na uku ya fi ban haushi: laftof ɗin gwanjo da har yanzu ke rajiste da sunan wani kamfani na Turai ko Amurka a Autopilot, tsarin Microsoft na saita kwamfutocin ma'aikata. Da zarar an goge ta aka jona ta da intanet, sai allon ya fito da sunan kamfanin yana neman a shiga da asusunsu. Kamfanin ne kaɗai zai iya sakinta cikin sauƙi. Saboda haka a rubuta a takardar kwangila cewa sai an goge kowace na'ura an jona ta da intanet a gaban ma'aikacin ICT kafin a sa hannu a takardar karɓar kaya.

Bayan ƙidaya sai a duba yadda jami'ar take a shimfiɗe. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa tana Yelwa tana Gubi. Jami'ar Sa'adu Zungur tana Gaɗau, tana Misau, tana cikin Bauchi. Tsohon tsarin ajiye sabar Active Directory a ɗaki guda yana aiki ne idan kwamfutocin suna ganin sabar. Malamin da ya tafi gida da laftof, ko ya tafi ƙaro karatu, ya fita daga hannunta ke nan. Ga kuma hidimar ɗakin kansa: sola da batura, na'urar sanyaya ɗaki da za ta jure zafin watan Afrilu, da share ƙurar hunturu daga fankokin sabar. Wannan ne ya sa nake karkata ga tsarin da ke bi ta intanet ga jami'a mai harabobi da yawa. Sai dai a sani, lasisin Microsoft na A1 da ake ba makarantu kyauta ba ya zuwa da Intune, sai lasisin kuɗi irin A3 ko A5, kuma biya ne na shekara-shekara da ke bin farashin dala. Jami'ar da imel ɗinta ke kan Google tana da kulawar wayoyi ta matakin farko a cikin abin da take da shi, ya kamata ta gwada wannan kafin ta nemi wani.

Inda tsarin intanet ke cin mutane shi ne data. Sabuntawar Windows tana fitowa ranar Talata ta biyu a kowane wata, tana kai ɗaruruwan megabait, wani lokacin ta haura gigabait 1. Kwamfuta 300 su ja gigabait 1 kowace, gigabait 300 ke nan a kan layin da ɗalibai ke rajista da shi. Maganin yana cikin Windows ɗin kansa: a kunna Delivery Optimization yadda kwamfutocin gini ɗaya za su riƙa karɓa daga junansu, a kuma kasa su rukuni-rukuni. Na sashen ICT su fara, bayan kwana 7 sauran ofisoshi, na ofishin bursa da na jarrabawa su zo ƙarshe. Kada a sa sabuntawa da tsakar dare kamar yadda littattafan kamfani ke cewa, domin a lokacin babu wuta, kwamfutocin a kashe suke.

Wayoyi kuwa yawancinsu na ma'aikata ne, da kuɗinsu suka saya. Babu dalilin da jami'a za ta riƙe ikon goge wayar malami gaba ɗaya, da hotunan iyalinsa da manhajar bankinsa. A Android akwai ɓangaren aiki da ake keɓewa a cikin waya: imel da takardun jami'a su zauna a can, ranar da mutum ya bar aiki a cire wannan ɓangaren kaɗai. A Intune a koya wa ma'aikata bambancin maɓallin Retire, mai cire bayanan aiki kawai, da Wipe, mai mayar da waya kamar sabuwa. Kuma a yi gwajin da wayoyin da ke hannun mutane, Tecno da Infinix da Itel, domin tsarinsu na tattalin batir kan kashe manhajar da ke aiki a ɓoye, sai waya ta daina ba da rahoto. Ana gyara wannan ta cire manhajar daga jerin waɗanda ake taƙaita wa batir.

Maganar kulle bayanai ba ta son rai ba ce. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafi sakamakon ɗalibai da bayanan albashi, kuma ta ba da awa 72 a sanar da hukuma idan an sami ɓarakar da za ta iya cutar da masu bayanan. Laftof ɗin jami'in jarrabawa da aka manta a Keke Napep, idan BitLocker, mai kulle bayanan kwamfuta, na kunne, ƙarfe kawai aka rasa. Amma kada a kunna shi sai an tabbatar makullin ceto mai lamba 48 ya isa ma'ajiyar jami'a. In ba haka ba, ranar da mai gyara ya sauya allon uwa (motherboard) ko ya taɓa saitin BIOS, kwamfutar za ta nemi lambar, babu mai ita, aikin shekaru ya tafi.

Akwai wani saiti da kan kuɓuce wa mutane. Intune na iya cire na'urar da ta daɗe ba ta leƙo ba, kuma ana zaɓar wa'adi daga kwana 30 zuwa 270. Yajin aikin ASUU na 2022 ya ɗauki wata 8. Wanda ya sa kwana 90 zai dawo ya tarar jerinsa ya zube. A sa mafi tsawo, ko a kashe saitin idan an rufe makaranta.

Kafin a biya kowa, a ɗauki na'ura 25 daga sassa dabam-dabam, har da mafi tsufa da mafi nisa daga babban ofis, a gwada na tsawon zangon karatu guda. ManageEngine na da sigar kyauta da ke ɗaukar kusan wannan adadi, sauran kuma suna ba da lokacin gwaji. Asusun babban mai kula da tsarin ya kasance da imel ɗin jami'a, a hannun mutum biyu aƙalla, ba da lambar wayar ɗan kwangila ba. Haka ma takardar shaidar Apple da ake buƙata don kula da iPhone da iPad: duk shekara ake sabunta ta, kuma dole da asusun da aka buɗe ta da shi. Idan aka yi sabuwa da wani asusun, sai an bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya an sake yi musu rajista.