Masarar Satumba da matsalar shanya a ƙasar Binuwai

A arewacin Kamaru, daga Garwa zuwa Lagdo, har kudu wajen Tuboro, wahalar manomi ba ta ƙarewa ranar da masara ta nuna. Ruwan da ke sauka a Garwa a shekara yana kusan milimita 1,000, Tuboro kuma ta fi haka, kuma mafi nauyinsa a Agusta da Satumba yake zubowa. Irin masara mai saurin nuna, na kwana 90, idan an shuka shi a Yuni, daidai lokacin nan yake isa girbi. Ga zafi, ga laima a iska, ga raɓa har hantsi. Abin da fumfuna ke so ke nan.

Ka ɓare ƙwaya ɗaya ka duba gindinta. In ka ga baƙin ɗigo, masara ta gama cika, amma ruwan jikinta yana wajen kashi 30 cikin ɗari. Ba ta shiga buhu sai ya sauko zuwa 13. Tsakanin waɗannan lambobi biyu ne ake asarar rumbu guda.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a karya masara a tara ta tsibi da ɓawonta a kan ƙasa mai danshi. Kwana biyu ya isa: ka tura hannu cikin tsibin za ka ji ɗumi kamar na tuwo, ƙwayar ta soma kore-kore mai ƙura. Wannan fumfuna ita ke haifar da dafin da ake kira afulatokzin, mai lalata hanta. Dafuwa ba ta kashe shi, kuma in saniya ta ci dusar, yana bi ta nononta. Don haka a ɓare ɓawon ranar da aka karya, a baza a kan tamfal ko daɓen siminti. Bayan an ɓamɓare ta daga totuwa, kaurin shanyar kada ya wuce yatsu uku, a riƙa juyawa, a kwashe kafin magariba don kada raɓa ta mayar da aikin yini baya.

Gwajin gishiri ya fi cizon haƙori tabbas. A samu busasshiyar kwalba, a zuba masara ta kai kashi ɗaya cikin uku, a ƙara cokali biyu ko uku na gishirin da aka busar a rana. A rufe, a girgiza minti ɗaya, a ajiye minti 15, a sake girgizawa. In gishiri ya manne a jikin kwalbar, da sauran shanya.

Gyaɗa ta fi masara laifi wajen dafin afulatokzin. In ruwa ya ɗauke makonni uku ko huɗu kafin cira, ƙasa ta yi zafi, kwanson yakan tsage, fumfuna ta shiga tun tana cikin kunya. In kuma an bar ta ta wuce lokaci cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai ta tsiro ko ta ruɓe. Bayan cira a kife ta, 'ya'yan suna kallon sama, harawar a ƙasa, har sai an girgiza an ji ƙwaya tana kaɗawa cikin kwanso. Akwai masu yayyafa mata ruwa don ta yi sauƙin ɓarewa. Don Allah a daina, wannan jiƙa abin da aka sha wuya aka busar ne. Ƙwayar da ta motse ko ta canza launi a tsince a ƙone, kada a ce ai ta ƙuliƙuli ce, yara ne za su ci.

Buhu mai leda biyu a ciki, irin na PICS, yana kashe ƙwarin hatsi ba tare da magani ba, amma busasshen hatsi kaɗai yake karɓa. A ɗora buhunan kan katako, a bar tazarar taki guda daga bango, musamman a ɗakin ƙasa da ya sha ruwan malka.