Daga Lekki zuwa Tema: tashoshi huɗu, teku ɗaya

Daga Legas zuwa Tema ta ƙasar Gana ta bakin teku bai kai nisan Kano zuwa Maiduguri ba. Amma a wannan ɗan tsakanin akwai ƙasashe huɗu, iyakoki uku, kuɗi iri uku, da manyan tashoshin jiragen ruwa da kowacce ke neman ƙwace wa 'yar'uwarta ciniki. Sana'ata kiliyarin ce, wato fitar wa mutane kayansu daga tasha, na fi fitar da kwantenonin kifin ƙanƙara, kuma abokan hulɗa na Maraɗi sun dame ni da tambayar ta wace tasha kayansu za su fi zuwa da sauƙi. Gani ya kori ji, shi ya sa na bi hanyar da kaina.

Da tashar Lekki ta Legas na fara. An ƙaddamar da ita a Janairun 2023, ta ci kimanin dala biliyan 1.5, zurfin ruwanta mita 16.5, na Apapa kuwa wajen 13 ne. Wanda ba ya harkar zai ce mita uku da rabi me za su yi, alhali su ne ke hana babban jirgi shigowa da cikakken lodi. Shekara da shekaru manyan jirage a Lome suke sauke kayan Najeriya, ƙanana su kwaso su kawo Legas, kuma duk ɗagawa da ajiyewa mai kaya ne ke biya. Cikin tashar komai tsaf, ba a cewa komai. Matsalar tana bakin ƙofa. Babu layin dogo, titin kuma da tankokin matatar Ɗangote mai tace ganga 650,000 a rana ake raba shi. Kwantenar sanyi mai ƙafa 40 tana cin tan 25 zuwa 27 na kifi a kwalaye masu kilo 20, kuma dole sanyinta ya tsaya a 18 ƙasa da sifili har Kano. Da an cire ta daga wutar tasha, janaretan da ke jikin tirela ne kaɗai ke riƙe da ita. Direba ya kashe shi da dare don ya rage gas, ranar sauke kaya ka tarar kwalayen bakin ƙofa sun jiƙe sun sake daskarewa, kifin ya yi ja a wuya. Wanda bai sa 'yar na'urar da ke rubuta yanayin sanyi a ciki ba, ba shi da hujjar kama kowa. Ga tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki an buɗe ta a watan da aka buɗe Lekki, amma muddin kwantena a bayan tirela take zuwa, ribar zurfin nan a titi take zubewa.

A Seme-Krake, iyakar Najeriya da Benin, akwai ofishin iyaka na haɗin gwiwa tun 2018. Shingayen da ke kan hanya ne abin takaici. A ɗaya daga cikinsu, ba zan ce na wace ƙasa ba, wani jami'i ya karɓi fasfona da katin rigakafin shawara, ya juya su gaba da baya bai sami abin kamawa ba, sai ya jefa su a aljihun tebur ya ci gaba da danna waya. Na ce, "Yallaɓai, mota tana jirana." Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce in tana sauri ta tafi. Na goro yake so, ba rasit. Mutum ɗaya ke nan da jaka ɗaya a hannu. Ka auna direban da ke ɗauke da kayan da ke narkewa.

A Zangon Kwatano na sauka wajen wani dattijo, dillalin motoci, wanda ya rantse ba zan kwana a otal ba yana raye. Tuwon masara da miyar kuɓewa ɗanya, da gasasshen kifin da aka kamo da safe, sai cewa yake, "Ƙara mana, Alhaji, ai wannan ba irin naku na firji ba ne." Da gaskiyarsa. Hirarsa duk ta Nijar ce. Tashar Kwatano, wadda kamfanin tashar Antwerp ta Beljiyam ke gudanarwa tun 2018, ita ce ƙofar Nijar ta asali, kilomita dubu da 'yan kai zuwa Yamai. Tun juyin mulkin Yulin 2023 gadar Gaya da Malanbil da ta haɗa Nijar da Benin ta rufe, kuma lokacin da na je ba a buɗe ta daga ɓangaren Nijar ba. Filayen da tireloli ke cika a da sun yi fayau. Abin mamakin shi ne ɗanyen man Agadem na Nijar yana gangarowa ta bututu mai kusan kilomita 2,000 har Seme, jirage na ɗauka tun 2024. Mai ya wuce ta ƙarƙashin ƙasa, buhun shinkafa kuma sai dai a tsallaka da shi a kwalekwale.

A wannan garin ne kuma cibiyar tsaron teku ta shiyyar E take, wadda ta haɗa Najeriya, Benin, Togo da Nijar. I, har da Nijar da ba ta da teku, don ita ma kayanta ta nan suke bi. Tushen abin yarjejeniyar Yawunde ce ta 2013 da ƙasashe 25 suka sa wa hannu, aka yanka Mashigin Tekun Gini shiyya-shiyya domin in 'yan fashi sun tsallaka ruwan wata ƙasa labari ya riga su isa. A 2020, cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka sace a tekunan duniya, 130 a nan aka sace su. Najeriya ta yi dokar hukunta fashin teku a 2019, ta ƙaddamar da shirin tsaron teku na Deep Blue na dala miliyan 195 a 2021, sojojin ruwa suka riƙa musayar bayanai, satar ta ja baya ƙwarai. A duk tafiyar, nan ne kaɗai na ga haɗin kan ya fita daga takarda ya taɓa aljihu, duk da cewa masu inshora a Turai har yanzu suna jan ƙafa wajen janye ƙarin kuɗin haɗari da suke ɗora wa jiragen da ke zuwa Najeriya.

Daga Grand-Popo zuwa Aneho ido ba ya barin ruwa. Igiyar tekun nan daga yamma take tura yashi zuwa gabas. Duk inda aka gina katangar tasha, yashi sai ya taru a yammacinta, gabas kuma teku ta ci gaɓa don ta rama. Tashar Lome ta fara aiki a 1968, dam ɗin Akosombo na Gana kuma ya tare yashin da kogin Volta ke kawowa. A gabashin Lome an nuna min inda tsohon titi yake, yanzu kumfar ruwa ce kawai. Maganin da ake yi shi ne jera duwatsu su miƙe cikin ruwa su tare yashi, amma in ka yi naka kai kaɗai maƙwabcinka na gabas ka tura wa ɓarnar. Shi ya sa Togo da Benin suka yi nasu tare, daga Agbodrafo zuwa Grand-Popo, da kuɗin Bankin Duniya.

Lome ƙarama ce amma ta iya ciniki. Zurfinta ya haura mita 16, takardu na tafiya da sauri, da dare kuma fitilun jiragen da ke jira a waje sai ka ce wani gari ne a kan ruwa. Kayan Nijar yanzu ta nan suke bi, su shiga Burkina Faso, su jira ayari da rakiyar soja ta Kaya da Dori zuwa Tera. Makonni ake yi. Busasshen kaya zai jure, na sanyi kuwa kuɗin gas kaɗai ya isa ya cinye ribar, ban da tarar da kamfanin jirgi ke yanka wa kowace ranar da kwantenarsa ta wuce wa'adi. Abinci a Lome da tsada ga mai naira, amma 'yan acaɓarsu na sa hular kwano, kuma ba a yi min ihu a titi ba.

Tema ce ta fi tsaya min a rai, ba don sabuwar tashar kwantenarta ta 2019 ba, don bakin ruwan masunta. Wani matashi ɗan Zangon Ashaiman ya yi min tafinta. Jiragen katako masu fenti sun cika wurin, kowanne da tuta da sunansa, amma da suka dawo da hantsi abin da mata suka tara a kwanoni bai taka kara ya karya ba. Ƙananan kifayen sardin da talaka ke ci ne suka ƙare. Dalilan a bayyane suke: raga mai ƙananan idanu da ke kwashe 'ya'ya, kunna fitila da janareta cikin dare don tara kifi, man injin da gwamnati ke sa wa tallafi wanda ya ƙara yawan jirage, sai kuma abin da suke kira saiko. Manyan jiragen jan raga, masu tutar Gana amma galibi kuɗin kamfanonin Sin ne a bayansu, sun riƙa kama kifin da ba a ba su izini ba, su daskarar da shi falle-falle, su sayar wa 'yan kwalekwale a tsakiyar teku inda ba mai awo. Ƙungiyar kare muhalli ta EJF ta ƙiyasta tan 100,000 a 2017 kaɗai. Tarayyar Turai ta ba Gana katin gargaɗi kan kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba karo na biyu a 2021, abin da ke barazana ga gwangwanin tuna da ake yi a Tema ɗin.

Gana ta fara rufe kamun kifi na wani lokaci ga manyan jirage a 2016, ga 'yan kwalekwale kuma a 2019, daga baya aka mayar da rufewar manyan jirage Yuli da Agusta, lokacin da kifi ke ƙwai. Masunta kuwa tun kaka da kakanni ba sa fita ranar Talata. Sai dai sardin ba ya tsayawa a Aflao, iyakar Gana da Togo, a buga masa hatimi. In Gana ta rufe maƙwabta na kamu, wahalar banza aka yi. Akwai kwamitin kamun kifi na ƙasashe shida, daga Laberiya zuwa Najeriya, hedikwatarsa a Tema, kuma Kodebuwa ta bi sahun rufewar a 2023. Mu da muke buƙatar tan miliyan 3.6 na kifi a shekara, muna samar da abin da bai kai rabi ba, mun ma kafa ma'aikatar tattalin arzikin teku a 2023, ya kamata a ce muryarmu ce ta fi ƙarfi a wannan kwamitin. Hankalinmu ya fi tafiya wajen kwantena.

Murhun bandar kifi na Tema abin koyi ne. Ginin laka ne mai kusurwa huɗu, a jera farantan katako masu ragar waya har goma ko fiye a kai, a rufe na sama, a riƙa sauya na ƙasa da na sama. Itace kaɗan, kifi bai karye ba, bai yi baƙi ba. Na tuna bandar Yauri da ta Baga da ke isowa kasuwar Galadima rabi gari, wani ma an yayyafa masa maganin ƙwari. Wata mai banda ta yanka min farashin baƙo, yaron da ke min tafinta ya ce, "Baba, ka yi shiru," ya shiga yarensu, aka dawo kusan rabi har da gyara. Na wuce Ashaiman na ci wake da shinkafa da yajinsu mai kifi. Hausarsu ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "ya zo" ne, amma karamci sai wanda ya gani.

Na leƙa Elmina, jiragen sun fi na Tema yawa, kukan ɗaya ne. Takoradi ban wuce bakin tasha ba. Dawowa ta titi na yi, shingayen na nan yadda na bar su. 'Yan Maraɗi na ce musu busasshen kaya su bi Lome su haƙura da jira, na sanyi kuma su dakata har a buɗe gadar Gaya.