Injin jirgin ruwa ya ƙi tashi bayan doguwar ajiya: ta ina za a fara?

Ko a Yawuri kake ko a bakin Tafkin Cadi, injin da ya yi wata uku ko huɗu a jingine ba kasafai yake tashi da jan farko ba. Galibi laifin tsohon mai ne. Amma kafin ka ɗauki sifana, duba ƙananan abubuwa: giya tana kan furi? Ɗan maƙalin nan na jar igiya yana jikin makashin injin? Idan babu shi, wuta ba za ta zo ba ko ka kwana kana ja. Sannan ka sassauta ɗan noti na iska da ke kan murfin tanki.

Yanzu sai mai. Fetur idan ya daɗe, ƙarfinsa yana tashi da iska, ya bar wani danƙo mai wari kamar tsohon fenti, ga kuma raɓa da ke taruwa a gindin tanki ta zama ruwa. Zubar da shi gaba ɗaya, kada ka yi rowa ka ce za ka sirka da sabo. A injin mai haɗin mai irin Yamaha Enduro, awon da aka saba shi ne 50 da 1, wato rabin lita na man 2T (man injin da ake haɗawa da fetur) a tankin lita 25. Matsa famfon robar da ke jikin tiyo har ya yi tauri, kibiyarsa tana kallon injin. Idan ya ƙi tauri, tiyo ya tsage yana shan iska, ko bawul ɗin famfon ya mutu.

Kafireta ita ce inda aikin yake. Kwance notin da ke ƙasan kwanonta, ka tari abin da ya zubo a farar kwalba: ruwa zai kwanta a ƙasa, ka gan shi da idonka. Idan injin yana tashi da cok amma ya mutu da zarar ka mayar, ƙaramin jet, wato ɗan noti mai rami da mai ke bi a cikin kafireta, shi ne ya toshe. Raminsa bai kai kaurin allura ba, danƙo kaɗan ya ishe shi. Cire shi, jiƙa shi a man wanke kafireta, ka hura da iska har ka hango haske ta ciki. Masu sa allura ko wayar ƙarfe suna faɗaɗa ramin ne, daga nan injin ya koma shan mai. Duba kuma allurar fulot, wadda ke buɗe wa mai hanyar shiga kwanon kafireta, takan manne ta hana mai shiga.

Fulogi kuwa, cire shi ka gani. Idan ya jiƙe sharkaf, mai ya yi yawa: mayar da cok, ka ja igiya sau biyar ko shida ba fulogi, silinda ta bushe. Idan a bushe yake ƙayau, mai bai iso ba. Don gwada wuta, jona shi da wayarsa, jingina shi da jikin injin ka ja; ana son wuta shuɗiya mai ƙarfi. Tazarar bakin fulogi samfurin NGK B7HS milimita 0.6 zuwa 0.7 ce. Babu wuta ko kaɗan? Bi wayoyi, ɓeraye suna son su ƙwarai.

Idan igiya ta ƙi jawuwa, kada ka tilasta. Ɗiga baƙin mai cokali ɗaya a kowace silinda, ka bari ya kwana.

Kada a tayar da injin a tudu. Farfelar roba da ke cikin famfon ruwa tana ƙonewa cikin ƙasa da minti ɗaya idan ba ruwa, ga shi ajiya kan sa ta bushe ta lanƙwashe. Sa gindin injin a duro, ruwa ya rufe ramukan shan ruwa sosai. Da ya tashi, kalli fitsarin injin, wato siririn ruwan da yake fitarwa ta baya. Idan bai fito ba, kashe nan take, ka zura zaren kamun kifi mai kauri a ramin, domin zanzaro yana yawan gina ɗakinsa a wurin. In har yanzu shiru, a sauke gindi a canza farfelar.