Ruwa a cikin man giya

Asabar, Kano.

Da safiyar yau na kai motata gareji saboda matsaloli biyu da suka hana ni sakat. Camry ce ƙirar 2004 mai silinda huɗu da giyar otomatik, 'yar Kwatano, wadda ta bi hannaye kafin ta zo hannuna. Ruwan lagireto yana raguwa ba tare da na ga ɗigo a ƙasa ba, sannan idan na sa giya sai ta yi jinkiri kafin ta kama, tsakanin ta biyu da ta uku kuma inji ya yi ta kuka alhali gudu bai ƙaru ba. Wani ya ce gaskit ne ya ƙone, wato shimfiɗar da take tsakanin kan inji da gangarsa, wani ya ce in tafi kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa in sayo wata giyar kawai, amma hankalina bai kwanta ba, domin babu wanda ya duba komai a cikinsu.

Dattijon bakaniken da na samu ya jira sai da injin ya huce sarai kafin ya taɓa murfin lagireto. Da zargin gaskit ya fara. Baƙin mai yana nan da launinsa, salansa ba ta fitar da farin hayaƙi, kuma da aka tayar da inji babu kumfa mai tasowa a bakin lagireto. Daga nan ya ɗaura famfon gwaji ya hura iska, muka zuba wa allurar ido tana sauka sannu a hankali, alhali tiyo da famfon ruwa duk a bushe suke. Ashe ruwan ciki yake bi.

Da ya zaro sandar awon man giya sai ya miƙo mini ya ce, "Malam, duba da idonka." Man da ya kamata ya kasance ja garau ya koma fari-fari mai kauri kamar shayin da aka cika wa madara, kuma ya haura alamar cika. A ƙarƙashin murfin lagireton ma akwai maiƙo.

Bayanin da ya yi mini shi ne abin da na fi son in adana. A cikin tankin lagireto akwai wani bututu da man giya yake ratsawa domin ya sha sanyi, kuma siririn ƙarfe ne kaɗai ya raba shi da ruwa. Idan bututun ya huje, lokacin da inji yake aiki mai yana kutsawa cikin ruwa; da zarar an kashe mota kuwa ƙarfin man ya faɗi, ruwan da yake da zafi da matsi sai ya kwarara cikin giya. Ruwa yana ɓata gam ɗin da ya riƙe fatar faifan kulocin da suke ciki, shi ya sa giyar take sulɓewa. Domin ya tabbatar, ya cire tiyo biyun man, ya sake hura iska, sai ga ruwa yana tsattsafowa ta bakin bututun.

Na ce, "Baba, me ya huda shi?" Ya nuna mini jan tsatsar da ta fito, ya ce an daɗe ana ɗura wa motar ruwan rijiya maimakon ruwan sanyaya inji mai maganin tsatsa. Ya kuma tarar an cire tamostat, wanda aikinsa ya buɗe wa ruwa hanyar zuwa lagireto idan zafi ya kai wajen digiri 82. Wannan ɗabi'a ta cire shi da sunan zafin ƙasarmu tana ba ni takaici ƙwarai, domin ɓoye cuta take yi, ba ta warkar da ita.

Mun tsayar da shawarar sabon lagireto da tamostat, a wanke hanyoyin ruwa, a sauke farantin ƙasan giya a duba maganaɗisunsa, a sauya matatar man giya, a zuba man giya na Toyota nau'in T-IV. Zai sauya man fiye da sau ɗaya, saboda mai yawa yana maƙalewa a ciki, ba ya fita a juyewar farko. Bai yi mini alkawarin giyar za ta tsira ba. Ya ce sai abin da farantin ya nuna. Na bar motar a can na hau Adaidaita Sahu, ranar Litinin in Allah ya kai mu zan koma kafin a kwance farantin.