Abin da gardin damana ya koya mini a Tawa

Takardar canjin wurin aikina ta fito, ƙarshen wata zan bar Tawa. Kafin in kama hanyar Konni, ina da magana da ƙannena masu fitowa daga sashen likitanci na Jami'ar Abdou Moumouni, don lokacin da na zo ba wanda ya faɗa mini ita.

Kun san yadda sashen yara ke komawa daga Agusta zuwa Oktoba. Masassarar cizon sauro ta gamu da tamowa, rumbu ya yi ƙasa, mata na sauka daga Buza, Keita da Illela da yara masu jijjiga ko waɗanda jininsu ya ƙare, gado ɗaya yara biyu, wani lokaci uku. Tun 2006 da aka mayar da maganin ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, iyaye sun samu ƙarfin guiwar zuwa, kuma alheri ne babba. Likitocin ne ba su ƙaru daidai da su ba. Duk wannan na karɓe shi, don shi na yi karatu. Abin da ya karya ni takardar gardi ce, wato jerin masu kwana aiki a asibiti.

Shugabanmu shi kaɗai ke tsara ta, a ofis, ƙofa rufe. Sunansa ba ya hawa, sunayen ƴan gaban goshinsa kuma sai a watannin sanyi da aiki ya yi sauƙi. In taron ƙara wa juna sani ya faɗo a Yamai ko Dosso, mai kuɗin guzuri, an riga an san masu tafiya. Mu sauran mu kwana tsaye, gari ya waye mu shiga zagayen safe, mu zarce duba marasa lafiya har la'asar. Da abin ya ishe ni na same shi cikin ladabi, na ce: "Ranka ya daɗe, a taimaka a riƙa ba mu hutun sauka gardi." Ya dube ni gaban ƴan koyo, ya ce: "Yaro, mu a zamaninmu ba mu san gajiya ba. In ba ka iyawa ka faɗa." Har yau in na tuna sai in ji ƙirjina ya yi zafi, domin a watan nan kaf bai ga tsakar dare a asibiti ba.

Na yi shiru na ci gaba, kuma a nan na fara lalacewa. Yara suka koma lambobin gado a idona. Waya ta yi ƙara, gabana ya faɗi. In na koma gida ɗiyata ta rugo, ba ni da ko murmushin ba ta. Allurar artesunate ta masassarar cizon sauro da nake lissafi ido rufe, miligiram 3 a kilo ga yaron da bai kai kilo 20 ba, 2.4 ga wanda ya kai, sai na samu kaina ina maimaita lissafin ban yarda da kaina ba. Majo ɗinmu, wato shugabar ma'aikatan jinya, dattijuwa da ta kusa ritaya, ita ta ja ni gefe ta ce: "Ɗana, wannan ba haƙuri ba ne kake yi. Hannun da bai yi barci ba shi ke kashe ɗan mutane."

A 2019 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta bayyana wannan hali a matsayin abin da wurin aiki ke haifarwa, da alamu uku: ƙarewar ƙarfi, mutuwar zuciya a kan aikin, da raguwar ƙwazo. Duka ukun ina da su, ana kiransu lalaci da ƙarancin tawakkali.

Mu ƙananan likitoci muka haɗu muka rubuta takarda ɗaya, kowa ya sa hannu: a liƙa jerin gardi tun farkon wata da sunan kowa, wanda ya kwana kuma ya miƙa aiki da safe ya tafi gida. An yarda, don ba a iya musun abin da ke rubuce. Shugaban bai yafe mini ba. Konjena, wato hutuna na shekara, ya yi ta ɓata tsakanin ofisoshi, kuma na san hannun da ya riƙe shi. Amma ƙannen da suka zo bayana sun tarar da takardar a bango, kuma ba na jin kunyar cewa da alƙalamina aka fara ta.

Sauran darussan gajeru ne. Duk abin da ka nema, nema a rubuce ka ajiye kwafi. Girmama majo da ungozoma, su ke fara ganin ka canza. Dangi masu turo hoton takardar magani ta WhatsApp da tsakar dare su jira safiya, in gaggawa ce ga mai gardi can. Ka riƙe fadarka ta shayi inda ba a zancen asibiti. Ranar da shugaba ya ce maka a zamaninsu ba su san gajiya ba, ka gaishe shi da kyau, ka roƙe shi ya nuna maka sunansa a jerin watan Satumba.